IDAN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI: KIRA GA 'YAN KWAMITIN ZARTARWA

 

Sanin kowa ne cewa tun da aka fara fitar da wannan mujalla tamu, wannan fili ya saba nuna yatsa waje, yana kokawa a kan yadda ake tauye wa 'ya'yanmu haƙƙi da sunan wai su ba 'yan asalin gari ba ne. A wannan karon cikin gida yatsan zai nuna, domin kuwa Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maganar da za mu yi guda ɗaya ce: kwamitin zartarwar da muka zaɓa ya daina magana da junansa, ya daina rubuta abin da ya yanke, kuma talakawan ƙungiya ne ke biyan kuɗin wannan sakaci. Ba za mu kama sunan kowa ba, amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Da farko bari mu tuna wa kanmu abin da ya sa aka kafa wannan ƙungiya. Yerwa kanta a 1907 aka kafa ta, a zamanin Shehu Abubakar Garbai, kuma tun tana ƙuruciya Hausawa ke shigowa cikinta, shi ya sa har gobe akwai unguwar Hausari. Wasu kakanninmu fatauci ya kawo su, wasu karatun Alƙur'ani suka zo nema a gabas, wasu kuma sun biyo jirgin ƙasa bayan da dogo ya iso Maiduguri a 1964. Mutanen Barno sun karɓe su hannu bibbiyu, aka yi auratayya, aka yi maƙwabtaka, aka haɗu a sahu ɗaya. Da yawa daga cikinsu suna kwance a maƙabartar Gwange. Amma duk da haka, sai a samu yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, ya tashi neman aikin soja ko na ɗan sanda, ko tallafin karatu, ko gurbi a makarantar gaba da sakandare, a ce ya kawo takardar indijin. A nan a tambaye shi daga ina kakansa ya zo. Ya yi kuɗin mota ya tafi can garin kakan, a tambaye shi wa ya san shi. Ya dawo hannu rabbana, ba tsuntsu ba tarko. Gaskiya ne akwai waɗanda suka samu tasu takardar ba tare da wahala ba, muna kuma godiya ga bulamai da lawanai da suka tsaya musu. To amma abin da wani ya samu da sanayya, wani ya rasa saboda rashin sanayya, ai bai zama haƙƙi ba tukuna.

Doka kuwa ba ta bar mu a duhu ba. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Sashe na 15 ma ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowa cikakken 'yancin zama a duk sassan tarayya, sai dai wannan yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya tilasta shi a kotu. Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan Tsarin Mulki dai, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalin jihar, ba tare da ya fayyace wane ne ɗan asali ba. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da dokar soja a 1996, ita ta yi bayani a cikin ƙa'idojinta cewa ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata, da sharaɗin kada mutum ya riƙe ƙananan hukumomi biyu.

Jama'a, a lura da wannan gaɓa ta ƙarshe, domin ita ce ƙofar da aka bar mana. Kuma ba a shiga wannan ƙofa da hayaniya ko da doguwar riga, da hujja ake shiga: takardar haihuwa, takardar gida, rasit ɗin haraji, shaidar makarantar firamare, shaidar bulama da lawan. Wato dai duk wannan gwagwarmaya tamu gwagwarmayar takarda ce. To abin tambaya a nan shi ne, yaya ƙungiyar da ba ta iya ajiye takardar taronta za ta yi nasara a yaƙin da makaminsa takarda ne?

Ga misalai uku, kuma duk wanda ke cikin kwamiti ya san ba ƙage muka yi ba.

Na farko, ambaliya. A daren Litinin wayewar garin Talata 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliyar da rabon a ga irinta tun 1994. Gwange na cikin unguwannin da ruwa ya fi ci, ya shiga har maƙabarta, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Mai Martaba Shehu da asibitin koyarwa. Da ruwa ya ja aka fara rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, me kwamitinmu ya yi? Wani jami'i ya zaga da littafinsa, wani jami'in ma ya zaga da nasa, babu wanda ya gaya wa ɗan'uwansa. Aka kai jerin sunaye biyu wuri ɗaya, dukkansu a kan takarda mai tambarin ƙungiya, wasu sunayen sun fito sau biyu, wasu gidajen kuma, musamman na zawarawa da marayu da ke lungu, ba su fito ko sau ɗaya ba. Wanda aka miƙa wa ya yi abin da duk mai hankali zai yi, ya ce mu koma mu daidaita tsakaninmu. Kafin mu daidaita an wuce wurin. Daga baya muka ji wasu suna yaɗa cewa wai don mu Hausawa ne aka ajiye takardarmu. A ji tsoron Allah. A wannan karon ba wanda ya zalunce mu, mu muka zalunci kanmu. Kuma duk ranar da muka laƙaba wa wani laifin da namu ne, mun rage wa kukanmu na gaskiya daraja a ranar da za a zalunce mu da gaske.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne takardun da ruwa ya ci. Gidaje da dama sun rasa takardun haihuwa da na filaye da na makaranta, wato ainihin hujjojin da muka lissafa a sama. Shekara da shekaru ana kawo shawarar a buɗe rajistar magidanta, a ɗauki hoton takardun kowane gida a adana a wuri biyu. Kowa ya ce shawara ta yi kyau, amma da yake ba a rubuta wanda zai yi ba, ba a kuma sa ranar gamawa ba, sai ta bi iska. Da an yi, da yau akwai abin nunawa.

Na biyu, zaman jin ra'ayin jama'a. A farkon watan Yulin 2025 kwamitin Majalisar Dattawa mai duba gyaran Tsarin Mulki ya yi zaman shiyyar Arewa maso Gabas a nan Maiduguri, ba a Abuja ba, a nan garin da Keke Napep zai kai mutum. A daidai wannan lokaci kuma akwai ƙuduri a Majalisar Wakilai, wanda Mataimakin Kakakin Majalisar, Benjamin Kalu, ya ɗauki nauyi, mai neman a ba wanda ya shekara 10 a wata jiha, ko aure ya haɗa shi da ita, damar zama ɗan asalinta. Masu adawa da ƙudurin sun yi ta magana da babbar murya daga sassa daban-daban na ƙasar, har ya janye shi a cikin watan na Yuli. Mu da aka kafa ƙungiyarmu domin wannan magana, ko shafi ɗaya ba mu miƙa ba. Shugabanci ya ɗauka ofishin sakatare na rubutawa, ofishin sakatare yana jiran umarni, mai hulɗa da jama'a kuwa sai a rediyo ya ji an yi an gama. Ba mu ce takardarmu ce za ta sauya ra'ayin majalisa ba. Amma da an rubuta a tarihi cewa magidantan Gwange sun zo sun faɗi damuwarsu, kuma da mun samu abin ɗorawa a kai idan maganar ta sake tasowa.

Na uku, wata yarinya marainiya da ta ci jarrabawa, ta samu gurbin karatu, aka ce ta kawo takarda kafin wani wa'adi. Mahaifiyarta ta zo neman wasiƙar gabatarwa daga ƙungiya zuwa wurin masu unguwa. An rubuta wasiƙa a ranar, amma hatimi na aljihun mutum ɗaya, shi kuma ya yi tafiya, bai bar wa mataimakinsa ba domin ba sa ga-maciji. Baiwar Allah nan ta yi ta sintiri har wa'adi ya cika. Yau yarinyar tana gida. Wannan uwa ba ta taɓa fashin biyan kuɗin wata ba. Da wane ido za mu dube ta?

Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka bi diddigi za a ga cutar tamu iri huɗu ce. Ta farko, an mayar da majalisar ƙofar gida ta bayan sallar isha'i ta zama ita ce kwamiti. Mutum uku ko huɗu su yanke magana a kan tabarma, washegari sauran su ji a bakin 'yan kasuwa. Ta biyu, saƙon murya na WhatsApp ya maye gurbin taro, alhali kuwa cikin dattawan kwamiti akwai waɗanda ƙaramar waya suke riƙewa, kuma maganar da aka yi da murya yau, gobe kowa zai fassara ta yadda ya ga dama. Ta uku, kuɗi. Ba mu ce wani ya ci ko sisin kwabo ba, kuma muna kyautata wa Ma'aji zato. Amma idan aka daɗe ba a karanta lissafi a gaban jama'a ba, zato ne ke cike gurbin, zato kuwa zunubi ne da mu muka jawo wa mutane shi. Ta huɗu, an mayar da Shugabar Mata 'yar rakiya. Ana kiran taro a lokacin da aka san ba za ta iya fitowa ba, sai an gama a aika mata da sakamako, alhali mata su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, su suka san yaron da aka koro daga makaranta.

Mu da ke riƙe da alƙalamin ƙungiya ba mu wanke kanmu ba. Sau da yawa mun ga an yanke magana ba bisa ƙa'ida ba muka yi shiru don kunya, mun bar littafin minit ya yi watanni babu sabon rubutu, mun jira a ce mana yi a inda ya kamata mu tashi mu tambaya. Muna neman gafarar jama'a a kan haka. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, shi ya sa muka zaɓi mu fito fili.

Mun san abin da za a ce. Wasu za su ce mun tona asirin gida a gaban baƙi. Amsarmu ita ce, asirin ya tonu tun ranar da muka kai jerin sunaye biyu ofis ɗaya. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Wasu za su ce aikin sa-kai ne, ba albashi ake biyan kowa ba, kowa na da kasuwarsa da iyalinsa. Wannan gaskiya ne, kuma muna jinjina wa waɗanda ke kashe kuɗin aljihunsu da lokacinsu. Amma babu wanda aka ɗaure aka ba muƙami, kowa da ƙafarsa ya tsaya aka zaɓe shi. Amana ba ta sauka daga wuyan mutum don ba a biya shi ba. Wanda hidima ta yi masa yawa ya faɗa, a ba wani, babu abin kunya a ciki.

Wasu kuma za su ce sanayyar Shugaba da manya ta fi takarda saurin biyan buƙata. Ranka ya daɗe, ba mu musa ba, mun ga amfaninta, kuma gidaje da yawa na yi maka addu'a. Sai dai sanayya tana tafiya da mai ita. Jami'in da ka sani yau, gobe an yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, wanda ya gaje shi kuwa fayil zai buɗe. Idan bai tarar da komai a ciki ba, daga farko za mu sake farawa, kamar yadda muka sha yi.

Akwai hujja ɗaya da muke girmamawa fiye da sauran, ita ce ta dattawan da ke tsoron rubuta sunaye. Duk wanda ya zauna a Gwange a shekarun tashin hankali ya san lokacin da taron mutum biyar abin tsoro ne, ya san lokacin da ganin sunanka a wata takarda kan iya zama ajalinka. Ba mu manta ba, kamar yadda ba mu manta da yaran da harin roka ya kashe a unguwar nan a ranar 23 ga Fabrairu, 2021 ba, Allah Ya jiƙansu. Amma a tuna da 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a watan Mayu aka katse layukan waya. A wancan lokacin babu waya, babu intanet, amma saƙon rasuwa ko na neman taimako yakan zaga gidajenmu kafin la'asar, domin kowa ya san wanda zai gaya wa. Yau kowa da waya a hannu, amma ɗan kwamiti ba ya sanin abin da ɗan'uwansa ke ciki. Ashe ba kayan sadarwa muka rasa ba, niyya muka rasa. Maganin tsoron rubutu kuwa shi ne a san wanda ke riƙe da rajista da wanda aka yarda ya gani, ba a ƙi yin ta ba.

Kada kuma a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Mun ga abin da rikicin ɗan asali da baƙo ya jawo a Jos a 1994 da 2001 da 2008, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan matsala a 2006. Allah Ya rufa mana asiri a Barno, ba mu da irin wannan gaba da masu masaukinmu, kuma ba ma fatan ta. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan shugabanni ba su magana da murya ɗaya, matashin da aka hana takarda zai nemi mai saurarensa a wani wuri, ɗan siyasa kuma zai zo gab da zaɓe ya sayi ɓangare ɗaya ya bar ɗayan. Kwamiti mai tsari kariya ne gare mu, kariya ne kuma ga zaman lafiyar unguwa baki ɗaya.

Saboda haka muna gabatar da waɗannan buƙatu ga babban taro mai zuwa, muna kuma roƙon a kaɗa ƙuri'a a kan kowace ɗaya.

1. Kwamiti ya riƙa zama sau ɗaya a kowane wata, a rana sananniya da wuri sananne, da rana ba da dare ba, domin iyayenmu mata su samu halarta. Duk abin da aka yanke a wajen wannan zama hira ce, ba hukuncin ƙungiya ba.

2. A rubuta minit da Hausa, a karanta shi da babbar murya a farkon zama na gaba, Shugaba da Sakatare su sa hannu. A gaban kowace shawara a rubuta sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kawo bayani. Wanda ya fi gane ajami a rubuta masa nasa da ajami. Kada wani ya ce rubutu sai masu digiri, domin mai wannan alƙalami ma da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci.

3. Kada wata wasiƙa ta fita da sunan ƙungiya sai da lamba da kwanan wata da sa hannun mutum biyu, a ajiye kwafinta, a kuma karɓo shaidar cewa an karɓa daga inda aka kai ta.

4. Hatimi ya zauna a ofis, ba a aljihu ba. Idan Shugaba zai yi tafiya ya miƙa wa Mataimaki a rubuce, ko suna shiri ko ba sa shiri.

5. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita duk bayan wata 3, a kuma zaɓi mutum biyu daga wajen kwamiti su duba littafin sau ɗaya a shekara.

6. A buɗe rajistar magidanta, a fara da gidajen da ambaliya ta ci takardunsu, a taimaka musu su sake neman na haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. A kuma riƙa rubuta duk ƙorafin da ya zo: wa aka hana, me aka ce masa, a wace rana. Da irin wannan ne za a iya tunkarar Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko lauya, ba da an ce ka ce ba.

7. Ziyarar bulamai da lawanai da sauran iyayen ƙasa ta zama ta tawaga, da bakin da aka amince da shi tun daga gida, a kuma dawo a ba kwamiti labarin yadda aka yi.

8. Duk ɗan kwamitin da ya yi fashin zama 3 a jere ba tare da uzuri ba, a ɗauka ya ajiye muƙaminsa.

Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi masu yawa. Littafi ne da biro, sai kuma haƙurin zama a saurari wanda ba a so. Addininmu ya girmama shawara har aka sanya wa sura guda sunanta, al'adarmu kuma ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma 'yan'uwa magidanta, kada ku tsaya a gunaguni a wurin mai shayi. Ku zo babban taro, ku zo da matanku da samarinku, ku tambayi a karanta muku minit, ku tambayi lissafi, ku tambayi abin da aka yi a kan ƙorafin da kuka kawo. Ƙungiyar taku ce, kuɗinku ne, makomar 'ya'yanku ce. Shugaban da ya san za a tambaye shi ba ya barin hatimi a aljihu ya hau mota.

Ga iyayenmu 'yan kwamiti, idan mun yi kaushin harshe a yafe mana, ciwon abin ne ya kawo haka, ba raini ba. Ba kujerar kowa muke nema ba. Abin da muke nema shi ne, ranar da wata uwa za ta sake zuwa da takardar ɗiyarta a hannu, ta tarar da ƙofa a buɗe da wanda zai sa mata hannu.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa jihar Barno da Nijeriya zaman lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya,
Gwange, Maiduguri.